Abin Da Ƙashin Tsohon Ɓera Ya Nuna Game Da Aiki Da Abinci

Ba safai manomi kan ji sunan ɓera ya yi murna ba. Shi ne mai huda rumbu, shi ne mai ɓarnar gyaɗa a buhu. Ɗan kasuwa ya san abin da ya kan yi wa kaya a sito, akawu kuma ya san yadda ya kan mai da takardun ofis sheƙarsa. Amma akwai wani irin ɓera fari mai jajayen idanu wanda masana ke kiwo a ɗakunan bincike, ana ba shi abinci da awo, ana rubuta ranar haihuwarsa sai ka ce ɗan sarki. Wani gidan bincike da ake kira Wistar, a birnin Filadelfiya ta Amurka, shi ya fara kiwon irin wannan ɓera tun wajen 1906, yanzu kuwa jikokinsa sun bazu ko'ina a duniya. Daga jikin ɓeraye irin waɗannan aka gano abubuwa da yawa game da ƙashi, watau abin da ke ƙarfafa shi da abin da ke raunana shi in shekaru sun ja. Abin da aka gano kuwa ya shafi mai shanun huɗa, da mai doki, da mai kaji, har ma da tsohon da ke cikin gida.

Dalilin da ya sa aka zaɓi ɓera shi ne gajartar kwanansa. Sa ya kan yi shekara goma sha wani abu kafin a ce ya tsufa, mutum kuwa sai ya ba sittin baya. Ba mai binciken da zai iya zama yana jiran haka. Ɓera kuwa shekara 2 zuwa 3 ne iyakar ransa, in ya cika wata 24 ya zama dattijo. Saboda haka cikin ɗan lokaci ana iya bin sa tun daga yaye har tsufa, a raba 'yan uwa kashi biyu, waɗannan a sa su aiki waɗancan a bar su kwance, ko kuwa a bambanta musu abinci, daga baya a gwada ƙasusuwansu a ga wanda ya fi.

Gwajin ba shi da wuyar ganewa. A kan ɗauko ƙashin cinya ko na ƙwauri, a ɗora bakinsa biyu bisa 'yan matokarai, a danna tsakiyarsa da inji a hankali har ya karye, a rubuta nauyin da ya karya shi. Kamar dai yadda mai sayen azara kan taka ta ya ji ko za ta ɗauki rufi. A kan kuma busar da ƙashin a auna shi, wani lokaci a ƙone shi a auna tokar.

Ƙashi Abu Ne Mai Rai

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi kamar dutse ne, da zarar dabba ta gama girma shi ke nan, an gama gininsa. Ba haka ba ne. Ƙashi yana da jijiyoyin jini, yana ci yana sha, kuma kullum ana cikin gyaransa. Abu biyu ne suka haɗu suka yi shi. Kamar kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adini ne mai tauri, haɗin wasu sinadarai biyu da ake kira kalsiyam da fosfaras. Kalsiyam shi ne abin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Fosfaras kuwa manomi ya san shi, don shi ne amfanin takin sufa da ake zuba wa gyaɗa. Sauran kashi ɗayan wasu zaruruwa ne na furotin masu danƙo, su ne ke hana ƙashi tarwatsewa in ya bugu. Wanda ya san kwaɓin ƙasar gini ya san wannan: ƙasa ita ke ba da tauri, ciyawar da aka tattake a ciki ita ke riƙe ta. In aka ƙone ƙashi zaruruwan sun tafi, sai ya riƙa marmashewa a hannu. In kuwa aka jiƙa ƙashin kaza cikin ruwa mai tsami ƙwarai kwana da kwanaki, ma'adinin ya narke, sai a lanƙwasa shi kamar fata.

Cikin ƙashin akwai wasu 'yan halittu ƙanana waɗanda ido ba ya gani, iri biyu. Ɗaya iri aikinsu su kankare tsohon ƙashi, ɗayan kuma su bi baya suna cike wurin da sabo, kamar yadda a kan kankare katangar da damina ta ci a yi mata sabon yaɓe. Lokacin ƙuruciya masu yaɓe sun fi masu kankara ƙarfi, sai ƙashi ya yi ta kauri. In tsufa ya zo sai abin ya juya, ana kankarewa da yawa ana mayarwa kaɗan. Bangon ƙashin ya yi siriri, ramin ɓargo ya ƙara faɗi, cikin gaɓoɓi ya yi sako-sako kamar soso.

Ga kuma wani abin lura. Ƙashi shi ne rumbun jiki. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam da ke jikin dabba yana cikin ƙashi da haƙora. Zuciya da tsoka ba su aiki sai da ɗan kalsiyam cikin jini, saboda haka in abinci bai kawo shi ba, jiki ba ya jira, sai ya shiga rumbun ya ɗiba. Dabba tana iya yin wata da watanni tana cin ƙashin kanta, mai ita bai sani ba, sai ran da ta zame ta karye.

Zancen Aiki

Tun a 1892 wani likitan Jamus mai suna Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi ya kan sāke siffarsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Ɓeraye sun tabbatar da maganarsa ta hanya mai ban mamaki. A 1975 Tarayyar Sobiyet ta harba wani kumbo mai suna Kosmos 782 da ɓeraye a ciki, suka yi kwana 19 da 'yan kai suna kewaya duniya a can sama inda abu ba ya da nauyi. Abinci bai yanke musu ba. Amma da suka sauko aka duba, sai aka tarar ginin sabon ƙashi a ƙafafunsu ya ragu da kusan rabi. Da suka koma takawa a ƙasa, ginin ya farfaɗo. Watau ƙafar da ba ta ɗaukar nauyi, jiki ya kan ga ba dalilin ɓata kaya a kanta.

To, tsohon ɓera fa? Ko aiki yana da sauran amfani gare shi, ko kuwa lokaci ya wuce? A 1990 wasu masana a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka suka ba da labarin gwajin da suka yi. Sun samo ɓeraye mata, waɗansu 'yan wata 2 da rabi, waɗansu tsofaffi masu wata 25. Suka riƙa ɗora rabinsu bisa wani inji mai shimfiɗa da ke tafiya kamar bel ɗin injin niƙa, an ɗan ɗaga gabansa kamar hawan tudu, tilas ɓera ya yi ta tafiya ko ya zame baya. Kwana 5 a mako, har mako 10, ana ƙara musu a hankali har suka kai awa guda a yini. Yaran suna gudun mita 36 a minti, tsofaffin kuwa mita 15 kaɗai, don iyakar abin da za su iya ke nan. Da aka gwada ƙasusuwan, sai aka ga na waɗanda suka yi aiki sun fi nauyi, sun kuma fi wuyar karyewa, yara da tsofaffi duka. Abin da ya fi jan hankali shi ne ƙarin da tsofaffin suka samu ya yi kusan daidai da na yaran, ga shi kuwa saurinsu bai kai rabin na yaran ba.

Amma kada a ɗauka tsufa bai rage kome ba. A 1995 Charles Turner da abokan aikinsa a Indiyana, can Amurka har wa yau, suka gwada ta wata hanya. Maimakon su sa ɓera gudu, sai suka riƙa ɗora wa ƙwaurinsa nauyi da inji, da awo, don su san daidai abin da ƙashin ya ɗauka. Suka kwatanta masu wata 9 da masu wata 19. Suka tarar ƙashin manyan ba ya farkawa ya soma sabon gini sai an ɗora masa nauyin da ya fi na ƙananan, in ma ya farka abin da ya kan gina kaɗan ne ƙwarai. Kamar dai tsoho mai nauyin ji, yana amsawa, amma sai an ɗaga murya.

A Japan kuma Yoshihisa Umemura ya koya wa ɓeraye tsalle. A kan sa ɓera cikin akwati, ya daka tsalle ya kama bakin akwatin ya haye. A 1995 ya nuna tsalle ya fi gudu ƙara wa ƙashin ƙafa nauyi, har tsofaffi ma sun amfana. A 1997 ya sāke gwajin da ƙananan ɓeraye, tsawon akwatin santimita 40, watau kamar inci 16. Waɗansu tsalle 5 a yini, waɗansu 10, 20, 40, har 100, mako 8 ana yi. Masu tsalle 5 kacal sun fi waɗanda ba su yi ba ƙarfin ƙashi a fili. Masu 100 kuwa, da suka ninka wahalar sau 20, ɗan abin da suka ɗara masu 5 da shi bai taka kara ya karya ba.

Wannan ya sa mutanen Indiyana suka yi zaton ƙashi ya kan gaji da sauraro, in aka yi ta maimaita masa abu ɗaya sai ya daina kulawa. Alexander Robling ya gwada haka, aka buga sakamakon a 2002. Ya riƙa danna ƙashin ƙafar gaba ta ɓeraye sau 360 a yini. Rukuni ɗaya a yi musu duka a zama guda. Ɗaya rukunin a raba musu sau 4, watau 90 kowane zama, da hutun awa 3 a tsakani. Bayan mako 16, ƙashin na farkon ya ƙara ƙarfi da kashi 64 cikin 100 bisa na ɗaya ƙafar da ba a taɓa ba, na masu hutu kuwa da kashi 87. Aiki ɗaya, yawa ɗaya, hutu ne kawai ya bambanta su.

Akwai wani abu cikin wannan gwaji da ya kamata a tsaya a kansa. Ma'adinin da ya ƙaru cikin ƙashin kashi 5 zuwa 12 cikin 100 ne kawai, amma ƙarfi ya ƙaru da fiye da rabi. Ta yaya? Sabon ginin ba a watsa shi ko'ina ba, an ɗora shi ne a bayan ƙashin ta waje, daidai wurin da ya fi shan lanƙwasa. Dogon ƙashi kamar gora yake, da rami a ciki. Kowa ya san gora mai faɗi ta fi siririya wuyar lanƙwasawa ko da nauyinsu ɗaya ne. Abinci yana kawo kayan gini, amma aiki ne ke nuna wa magina inda za su ɗora shi.

Wannan faɗin kuwa in an same shi da ƙuruciya ba ya gushewa da sauri. Stuart Warden, shi ma a Indiyana, ya nuna haka a 2007. Ya ba ƙafa ɗaya ta 'yan ɓeraye masu mako 5 aiki na mako 7 kaɗai, sa'an nan ya ƙyale su, ba a sāke yi musu kome ba har suka kai shekara 2. Da aka duba su a tsufansu, yawan ma'adinin ƙafafun biyu ya koma kusan ɗaya, amma ƙafar da ta yi aiki tana nan da siffarta mai kyau, ta kuma fi ɗayar ƙarfi.

Zancen Abinci

Tun kafin a soma sa ɓeraye gudu, an daɗe ana gwada abinci a kansu. Akwai wani ciwo da ke kama yara, ƙashi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, wani ya yi gwame wani su yi baka. A 1921 masana a Amurka suka jawo wa ɓeraye wannan ciwo ta hanyar rage musu fosfaras a abinci. A 1922 Elmer McCollum ya nuna akwai wani abu cikin man hantar kifi da ke warkar da su, shi ne aka sa wa suna bitamin D. Aikinsa shi ne ya taimaki hanji ya tsotso kalsiyam daga abinci. Fatar jiki tana yin sa da kanta in rana ta taɓa ta. A ƙasar Hausa rana ba ta ƙaranci, saboda haka dabbar da ke fita kiwo ba safai ta kan rasa shi ba, sai dai wadda aka kulle a ɗaki mai duhu.

Game da tsufa, gwajin da ya fi shahara shi ne na Clive McCay, malami a sashen kiwon dabbobi na Jami'ar Cornell, a 1935. Ya ƙuntata wa ɓeraye abinci tun daga yaye, ƙuntatawa mai tsanani har girmansu ya tsaya. Abin mamaki, sai suka fi masu ci su ƙoshi tsawon rai, musamman mazan. Labarin ya bazu duniya. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba: ƙashin cinyar waɗannan masu tsawon ran bai kai na sauran cika da nauyi ba. Sun daɗe a duniya, amma a kan raunanan ƙafafu.

Bayan kusan shekara 50, Dike Kalu da abokansa a San Antoniyo ta jihar Teksas suka duba abin ta wata fuska, a 1984. Su ba su kai ƙuntatawar McCay ba. Sun ba rukuni ɗaya na ɓeraye maza kashi 60 cikin 100 na abin da 'yan uwansu ke ci, ɗaya rukunin kuwa aka bar musu akushi a buɗe dare da rana. Masu akushi a buɗe suka yi girma da wuri, suka yi ƙiba, ƙasusuwansu manya. Amma da tsufa ya zo sai ƙodarsu ta lalace. In ƙoda ta lalace, lissafin kalsiyam da fosfaras cikin jini ya kan rikice, sai wasu 'yan tsoka ƙanana da ke wuya kusa da maƙogwaro su yi ta sakin wani sinadari wanda ke umartar masu kankarar ƙashi su ƙara himma. Haka ƙasusuwan waɗannan ƙattin suka zube a ƙarshen ransu. Masu cin awo kuwa ƙasusuwansu ba su kai na waɗancan girma ba, amma ƙodarsu ta daɗe lafiya, ba su kuma yi wannan zubewar ta tsufa ba.

In aka haɗa gwajin biyu, abin da ya fito shi ne yunwa tana hana ƙashi ginuwa, ƙoshin da ya wuce kima ba tare da motsi ba shi ma yana da tasa ɓarnar daga baya. Ba yawan abincin ne abin dubawa ba kamar abin da ke cikinsa.

Shi dai Kalu ɗin ya yi suna wajen wani gwajin dabam, wanda ya bayyana a 1991. In aka cire wa macen ɓera jakar ƙwayayen haihuwa, sai ƙashinta ya soma zubewa da sauri, daidai yadda ya kan faru ga mace in ta daina ganin al'ada. Da irin waɗannan ɓeraye ake fara gwada magungunan raunin ƙashi kafin a ba mutane. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwa ta fi tsoho saurin karaya a ƙugu ko a wuyan hannu in ta faɗi.

Daga Ɓera Zuwa Garke

Ɓera ba sa ba ne, wannan gaskiya ne. Cikinsu dabam, abincinsu dabam, ɓera kuma ya kan ci gaba da ɗan girma har bayan ya balaga. Ba a ɗaukar lissafin ɓera a ɗora wa saniya kai tsaye. Amma kayan ginin ƙashi ɗaya ne ga dukan dabbobi, masu kankara da masu yaɓe su ma ɗaya ne, an kuma ga irin waɗannan abubuwa a jikin dabbobin gida.

A dubi yadda a kan yi da shanun huɗa a wurare da yawa. An gama aikin damina, sai a ɗaure su a turke, ko a sake su suna tsintar busasshiyar ciyawa da kara. Ciyawar rani kuwa in ta bushe a tsaye ta rasa yawancin furotin da fosfaras ɗinta. Wata biyar ko shida ba aiki, ba abincin kirki. Ran da ruwan shuka ya sauka sai a ɗora musu karkiya tun asuba, a ce sai an gama gona. Watau an haɗa musu abubuwa uku da ɓeraye suka nuna suna cutar da ƙashi: zaman banza, da ƙarancin kayan gini, da aiki mai yawa a zama guda ba hutu. Ba abin mamaki ba ne in tsohon sa ya soma ɗingishi ko ya durƙushe a tsakiyar kunya.

Manomin da ke da amalanke ya ci riba biyu, don shanunsa suna jan taki da itace da ruwa duk rani, ƙafafunsu ba su manta nauyi ba. Wanda ba shi da ita, ya kamata ya riƙa fid da su yana sa musu karkiya suna jan ɗan gungume, ko sau biyu ko uku a mako, tun saura wata ɗaya ko biyu ruwa ya sauka. Ba sai ya daɗe ba. Ranar huɗa kuma gara a raba aikin, a yi na safe, a kwance su su huta su ci su sha, a koma da yamma. Tsohon sa a rage masa sauri, amma kada a ajiye shi ɗungum don tausayi. Ɗan bijimin da ake shirin horarwa shi ma kada a tsare shi a turke kullum, ya samu tafiya da guje-guje tun yana ƙarami. Amma fa wuce gona da iri yana da haɗari. Ƙashin da aka yi ta wahalarwa ba hutu ya kan yi 'yan tsage ƙanana fiye da yadda masu yaɓe za su iya cikewa, an san wannan ga dawakin sukuwa da kuma sababbin sojoji masu doguwar tafiya. In kuwa aka haɗa aiki mai tsanani da yunwa, ƙashi raguwa ya kan yi.

Wajen abinci, abin da ya kamata mai dabba ya riƙe shi ne kalsiyam da fosfaras tare suke tafiya, cikin ƙashi kamar kashi 2 na farko ne ga kashi 1 na biyu. Hatsi da dusa suna da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Harawar gyaɗa da ta wake kuwa suna da kalsiyam da furotin. Angurya da ƙuli-ƙuli suna ba da furotin da fosfaras. Saboda haka wanda ya haɗa harawa da 'yar dusa ko angurya ya fi wanda ya dogara ga ɗaya. Dokin da aka yi ta ɗura wa dusa da dawa ba harawa, jikinsa ya kan ɗebi kalsiyam daga ƙashi har ƙasusuwan fuska su kumbura su yi laushi, a Turai tun da can an san wannan ciwo ga dawakin masu niƙa. Ragon layya ma in dusa ta yi masa yawa ya kan yi tsakuwa a mafitsara. Kanwa da gishiri suna da nasu amfani, dabbobi kuma suna son su, amma ba su maye gurbin fosfaras, wannan kuskure ne da ake yawan yi.

Saniya mai shayarwa ta fi kowa buƙata, don kowace lita ta madara tana fita da fiye da giram ɗaya na kalsiyam. Kaza kuma kowane ƙwai da ta saka, ɓawonsa ya ɗauki kamar giram 2. In ba a ba ta garin alli ko niƙaƙƙen ɓawon kawa ba, daga ƙashinta za ta biya. An kuma tabbatar kajin da aka tsare a ƙaramin keji sun fi masu yawo raunin ƙashi, labarin ɓerayen kumbo ke nan ya sāke dawowa.

Mutane ma haka. A Jos, Tom Thacher da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun duba yara 123 masu lanƙwasassun ƙafafu, aka buga sakamakon a 1999. Ga rana isasshiya, amma ga ciwon. Sai aka tarar abincinsu na hatsi ne kusan zalla, kalsiyam ɗin da suke samu a yini wajen miligiram 200 ne kawai. Bayan mako 24 na magani, waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Nono da kindirmo, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da kuka, da zogale, da tamba, duk suna da kalsiyam, kuma duk ana samunsu a kasuwar ƙauye. Tsohon da ke zuwa gona ko masallaci da ƙafa yana yi wa ƙashinsa hidima. Akawun da ke wuni a kujera shi ya kamata ya fi kowa nemar wa kansa tafiya.

Akwai alamar da makiyayi zai gane dabbobinsa sun rasa fosfaras. In ya ga shanu suna tsintar tsofaffin ƙasusuwa a daji suna tauna, ko suna cin itace da tsumma, to su ke nan. Wannan ɗabi'a ta taɓa hallaka shanu masu yawa a Afirka ta Kudu. Likitan dabbobi Arnold Theiler ya bi diddigin abin a wata gona kusa da garin Vryburg, a 1919 ya gano ƙasusuwan mushe da shanun ke taunawa suna ɗauke da dafin da ke shanye jiki. Da aka riƙa ba su garin ƙashi mai tsabta sai suka daina tsintar, suka kuma ƙara girma da haihuwa. Amma yanzu ba a ba da shawarar garin ƙashi ga shanu da tumaki da awaki. Bayan ciwon haukan shanu ya ɓulla a Ingila a 1986, aka gane ta hanyar garin nama da ƙashi yake yaɗuwa, a 1988 aka hana ba su shi a can, ƙasashe da yawa kuma suka bi. Abin da ya fi shi ne dutsen lasa irin wanda aka haɗa da kalsiyam da fosfaras, ana samunsa wurin masu sayar da magungunan dabbobi. Mai saye ya duba takardar da ke jiki, ko ya nuna wa malamin dabbobi, don waɗansu gishiri ne kawai da aka rina. Mushe kuwa, duk inda aka gan shi kusa da makiyaya, a binne shi da zurfi ko a ƙone shi.